Wankan inabi da kogon gishiri a tafiya: in shiga ko in bari?

Maman Haidar ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa gwadawa. Mako mai zuwa zan tafi Krakow ta ƙasar Poland, taron aiki na kwana 3, sai na ƙara kwana 2 a kai don in huta. Rabona da hutu na gaske tun kafin haihuwar autana, ga shi yanzu har ya shiga makaranta. Kafaɗuna kullum a ɗaure suke, barci kuma sai dai rabi da rabi.

Otal ɗin da zan sauka suna da sashen wanka da tausa a ƙasa, sun turo min jerin abubuwan da suke yi. Biyu ne suka tsaya min a rai. Ɗaya wai wankan giyar inabi, minti 20 a cikin baho, daga nan a yi tausa. Ɗayan zama ne a "kogon gishiri" na minti 45. A hoton na ga ɗaki mai hasken ja-ja, bango duk gishiri, ƙasa ma gishiri, ga kujerun kishingiɗa da barguna. Wallahi kallon hoton kaɗai sai da na ji jikina ya yi sanyi.

Sai dai ni ba na shan giya, kuma ba na son ta taɓa jikina ko kaɗan. Shin giyar ce da gaske suke zubawa, ko suna ne kawai? Sannan ina da asma tun ina yarinya. Ba ta tsananta min sosai, amma ba na fita babu abin shaƙata a jaka. Sun rubuta cewa kogon yana wanke huhu, yana maganin asma. Gaskiya ne, ko kuwa zan je in tayar wa kaina da ciwon da yake kwance, a ƙasar da ban san kowa ba?

Ummu Salma ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kogon zan bar wa waɗanda suka fi ni sani, amma wankan na yi shi sau ɗaya, na kuma fasa shi sau ɗaya, kuma fasawar ce ta fi koya min abu.

Sunan guda ne, amma abin da ke cikin ruwan ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Inda abin ya fara yin suna shi ne yankin Bordeaux na Faransa. A 1993, lokacin girbin inabi, wani farfesan harhaɗa magunguna mai suna Joseph Vercauteren ya ziyarci gonar Smith Haut Lafitte, ya nuna wa Mathilde Thomas da mijinta Bertrand cewa ƙwayoyin inabin da ake zubarwa bayan an matse ruwan suna ɗauke da sinadarai masu amfani ga fata. Daga nan suka kafa kamfanin Caudalie a 1995, suka buɗe gidan gyaran jiki a gonar a 1999. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, irin wannan wankan ba da giya ake yin sa ba. Dusar inabi ce, da ɓawonsa, da ƙwayoyinsa, da abin da aka tato daga ganyen kurangar, da man ƙwayar inabin don tausa. Dalilinsu ma mai sauƙi ne: barasa tana busar da fata, ba za ki zo gyaran fata a jiƙa ki cikin abin da zai busar da ita ba.

Irin wannan na yi. Ruwan ya yi ja mai duhu, ƙamshinsa kamar na busasshen inabi, ana ta hura kumfa daga ƙasan bahon. Bayan na fito matar ta goge min jiki da niƙaƙƙen ƙwayar inabi haɗe da zuma, ta bi da mai. Fatata ta yi laushi kwana biyu ko uku. Ban ga ta mayar da ni yarinya ba kamar yadda suke rubutawa a takardun talla, kuma ina ganin ruwan ɗumi da gogewar da man ne suka yi yawancin aikin. Amma daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Akwai kuma wuraren da giyar ce tsagwaronta. A garin Hakone na Japan akwai wurin wanka da ake kira Yunessun, inda ma'aikaci yake zuwa da kwalba ya tsiyaya jar giya a cikin tafkin da mutane ke ciki. Wasu otal-otal na Turai ma haka suke, kofi ko kwalba guda a baho. Haka ta faru da ni a wata tafiya. Na biya ban tambaya ba, don na ɗauka duk ɗaya ne. Na sa rigar wanka, ina tsaye bakin bahon, sai ga yarinyar ta shigo da tulun gilashi. Tun kafin ta kai ga zubawa warin ya gaya min mene ne. Na ce ta dakata. Ba ta yi musu ba, ta canza min zuwa wankan gishiri, amma raina ya riga ya ɓaci, hutun bai shige ni ba.

Saboda haka ki rubuta musu tun yau. Kada ki tsaya a tambayar ko akwai giya, ki ce su faɗa miki sunan duk abin da ke shiga ruwan, domin wata hodar da suke zubawa ma daga giya aka sarrafa ta. Ki kuma gaya musu kada a kawo miki kofin da suka saba ajiyewa a gefen baho, su kawo ruwa ko shayi.

Abu ɗaya da ba a faɗa wa mutum: kada ki miƙe zumbur idan lokaci ya cika. Ruwan zafi yana buɗe jijiyoyin jini, jinin ya sauka, sai jiri ya kwashe ki. Ki zauna a bakin bahon tukuna. Idan kin ji zafin ruwan ya wuce awo 38 a ma'aunin Celsius ki sa a sirka. Mai juna biyu kuwa ta fara jin ta bakin likitarta.

Baban Nana ya amsa:

Hajiya, tunda Krakow za ki, ni roƙona kada ki tsaya a ɗakin otal ki dawo ba ki ga na ainihin ba. Abin da suke kira kogo a otal ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da tubalan gishiri, galibi irin mai ruwan hoda ɗin nan da ake haƙowa a Khewra ta Pakistan. Mahaƙar gishiri ta Wieliczka kuwa, wadda mutanen can suke furtawa kamar "Biyelicka", tana gefen birnin, ba ta kai tafiyar rabin awa a jirgin ƙasa ba.

Tun ƙarni na 13 ake haƙar gishiri a wurin, ba a daina haƙa don sayarwa ba sai 1996, kuma tana cikin rukunin farko na wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1978. Na shiga da matata shekarun baya. Da farko za ki sauka matakala 380 na katako a jere, kina ta zagayawa har kai ya fara juyawa, kafin ki isa hawa na farko mai zurfin mita 64. Gishirin can ba fari ba ne, toka-toka ne kamar dutse, sai an haska shi da tocila za ki ga yana ƙyalli. A zurfin mita 101 akwai wani katafaren ɗakin ibada da mahaƙan suka sassaƙa da hannunsu, daɓen gishiri, zanen bango gishiri, har fitilun da ke rataye an yi musu ado da ƙwayoyin gishiri. Na daɗe tsaye ina tunanin mutanen da suka ƙare rayuwarsu a ƙarƙashin ƙasa suna wannan aiki bayan sun tashi daga nasu aikin.

Abin da ya fi tsaya min shi ne iskar. Sanyi-sanyi ce, awo 17 zuwa 18 rani da damina, babu ƙura, babu hayaƙin mota, babu ƙamshin komai. Ni ina da yawan atishawa, amma awa kusan 3 da muka yi a ciki ban yi ko ɗaya ba. Daga wannan mahaƙar ce ma labarin amfanin kogon gishiri ga huhu ya samo asali. Likitan ma'aikatan wurin, Feliks Boczkowski, shi ya rubuta a 1843 cewa masu haƙar gishiri ba sa fama da ciwon ƙirji kamar sauran mahaƙa. Har yau akwai wurin jinya a zurfin mita 135, inda masu larurar numfashi suke sauka su yi motsa jiki a gaban ma'aikatan lafiya.

Sai dai ki sani wannan ba kwanciya a kujera ba ce. Matakalan gaba ɗaya sun kai 800, tafiyar ƙafa ta fi kilomita 3. Ki sa takalmi maras tsini, ki riƙe rigar sanyi. Fitowa dai a lif ne.

Hauwa'u M. ta amsa:

Anti, ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a sashen masu ciwon ƙirji, kuma maganar asmar ce ta sa na kasa wucewa.

Ba zan ce miki kada ki shiga ba, amma kalmar "magani" da suka rubuta ki ajiye ta gefe. Masu tace binciken likitanci na Cochrane sun duba batun zama a kogo don asma tun 2001, suka ce hujjar da ke akwai ba ta isa a yanke hukunci ba. Abin da Malam Baban Nana ya faɗa game da Boczkowski gaskiya ne, amma lura ce ta likita ɗaya, kuma a tuna da wa ake kwatanta su: mai haƙar kwal yana shaƙar ƙurar da ke lalata huhu, mai haƙar gishiri ba ya shaƙar irinta. Rashin atishawar Malam ma ban yi mamaki ba, can ƙasa babu ƙurar furanni da hayaƙin da ke tayar da ita. Mutum yana fitowa sama zai tarar da su suna jiransa.

Ɗakunan otal iri biyu ne, kuma ya kamata ki san wanne ne naku. Akwai wanda gishirin bango ne kawai. Wannan ado ne da shiru, kusan babu abin da ke shiga huhu. Akwai kuma mai na'urar da ke niƙa gishiri ya zama gari mai laushi sosai, ta feso shi cikin iska. Wannan yana kaiwa can cikin hanyoyin numfashi. Gishiri yana jan ruwa, shi ya sa yake tsinka majina. Mu ma a asibiti muna ba wasu marasa lafiya ruwan gishiri mai ƙarfi su shaƙa ta na'ura don kaki ya fito. Amma sau da yawa sai mun fara ba su maganin buɗe ƙirji, saboda gishirin kansa yana iya sa hanyoyin iskar mai asma su tsuke. Har gwajin gano asma ake yi da shi.

Don haka ki shiga da abin shaƙarki a hannu, ba a cikin akwatin ajiye kaya ba. Ki zauna kusa da ƙofa. Ɗan tari kaɗan ba komai ba ne, amma da kin ji ƙirji ya fara ɗaurewa ko numfashi yana ƙara kamar ana busa usur, ki tashi ki fita, kada ki ji kunyar kowa. Idan kuma kin wayi gari da mura ko zazzaɓi, ko asmar ta motsa a makon, ki bar shi gaba ɗaya. Don Allah kada ki rage maganinki na kullum saboda kin ji daɗin zama ɗaya. Na ga waɗanda suka yi haka, a gadon asibiti muka sake haɗuwa.

Maman Haidar ta dawo:

'Yan uwa na dawo lafiya, Allah ya saka da alheri. Ummu Salma, kin yi gaskiya. Na rubuta musu, suka amsa cewa jar giya suke zubawa, amma suna da wani na dusar inabi da man ƙwayarsa idan an nema tun da wuri. Shi na zaɓa, kuma sai da na sa aka nuna min robar na karanta da kaina kafin a zuba. Jirin ma ya zo kamar yadda kika ce, na zauna a bakin bahon har ya wuce.

Hauwa'u, ɗakin nasu mai na'ura ne. Na zauna bakin ƙofa, abin shaƙata a cikin tafin hannu ƙarƙashin bargo. Minti 10 na farko ina ta sauraren ƙirjina, na yi tari sau biyu, leɓena ya yi gishiri-gishiri. Daga nan ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, sai da matar ta taɓa kafaɗata. Baƙin siket ɗina ya fito fari fat, sai da na karkaɗe shi. Numfashina yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Amma minti 45 babu waya, babu mai kiran sunana, na manta rabon da in samu haka.

Malam Baban Nana, washegari na je Wieliczka. Ƙafafuna sun yi kwana biyu suna ciwo, ban kuwa yi nadama ba. Akwai inda mai yi mana jagora ya tsayar da mu a bakin wani tafki na ƙarƙashin ƙasa, ruwan kore shar, ko motsi ba ya yi. Duk yawanmu babu wanda ya yi magana. Na sayo ɗan dunƙulen gishirin toka-tokan nan, Haidar ya lasa ya yamutsa fuska, yanzu yana kan teburina.