Neman shawara: a ina zan karanci saikoloji a intanet ba tare da data ta talauta ni ba?

Ɗaliba daga Gusau: Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina aji biyu, kuma kwasa-kwasan saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, ne suka sha mini kai a wannan zangon. Handawut ɗin da ake ba mu sunaye ne kawai da ma'anoni. An ce masani Piaget yana da matakai huɗu na girman tunanin yaro, an ce masani Pavlov da gwajin da ya yi da karensa, na haddace tsaf, amma in aka ce in yi bayani da bakina sai in yi tsuru-tsuru. Na gwada YouTube, data ta tafi ban ƙaru da komai ba, ga Turawan nan da saurin magana. Waya kaɗai gare ni, ba ni da laftof. Don Allah wa ya san inda zan dosa?

Yaya daga Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki bar bidiyo tukuna, ki fara da littafi. Ki nemi OpenStax, shiri ne na Jami'ar Rice da ke Amurka, suna da littafin Psychology 2e. Kyauta ne daga masu shi, ba na sata ba, kuma ana sauke shi a PDF sau ɗaya a huta. Babi 16 ne. Pavlov ɗinki yana babi na 6, Piaget yana na 9, kuma a ƙarshen kowane babi akwai tambayoyin gwada kai. Sai kuma littattafan kwas na NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, su ma suna shafinsu kyauta. Malaman Najeriya ne suka rubuta su, tsarinsu ya fi kusa da abin da za a tambaye ki a jarrabawa, duk da dai wasunsu sun kwana biyu. Waɗannan biyun sun ishe ki zangon nan. Kada ki biye wa masu tara PDF ɗari a waya ba su buɗe ko ɗaya ba.

Ɗan Yauri: Game da saurin Turanci akwai dabara. Jami'ar Yale ta saka lakcocin Farfesa Paul Bloom na gabatarwar saikoloji, waɗanda aka ɗauka a 2007, a shafin Open Yale Courses, kuma kowace lakca akwai rubutaccen abin da ya faɗa da kuma murya zalla. Ki sauke muryar, ki riƙa bin rubutun da ido. CrashCourse ma suna da gajerun bidiyoyi 40 a YouTube, sai dai mai gabatarwar kamar ana korarsa. Ki mayar da saurin 0.75, ki kunna rubutun ƙasa, ki rage ingancin hoton zuwa 144p, ai ba fuskarsa kika zo kallo ba.

Malam daga Argungu: 'Yata, abin da suka faɗa daidai ne, amma ni ina ganin ciwonki ba rashin shafi ba ne. Kin ce kin haddace ba ki iya bayani. To wannan ba ya warkewa da ƙarin karatu sai da gwaji.

Yau in kin koma gida ki samu kofuna biyu iri ɗaya, ki zuba zoɓo daidai wa daida, ki kira yaro ɗan shekara huɗu ko biyar. Ki tambaye shi, ya tabbatar miki daidai suke. A gaban idonsa ki juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya, ki ce wanne ya fi yawa? Galibi zai nuna kwalbar, har da rantsuwa, don ya ga zoɓon ya hau sama. Ki kira ɗan shekara takwas ko tara, zai kalle ki ya ce ai ba ki ƙara komai ba. Bambancin matakin Piaget na biyu, daga shekara 2 zuwa 7, da na uku, daga 7 zuwa 11, ke nan. Bayan haka ki buɗe babin ki karanta, ki ga in za ki sake mantawa.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi damuna da ɗalibanmu masu kwaso komai daga intanet. A 2008 wani masani, Jeffrey Arnett, ya bi manyan mujallun fannin ya duba su waye ake yin binciken a kansu. Kashi 68 cikin ɗari 'yan Amurka ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, alhali mutanen waɗannan ƙasashe kusan kashi 12 ne kacal na al'ummar duniya. Ki yi tunani: uwa a nan ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Yarinya ta sunkuyar da kai in babba na magana. In kika ɗauko takardar tambayoyin da aka tsara a Amurka kika auna su da ita, za ta ce miki uwar ba ta da shaƙuwa da ɗanta, yarinyar kuma ba ta yarda da kanta ba. Mu kuwa mun san kunya ce da tarbiyya. Saboda haka ki riƙa leƙa AJOL, rumbun mujallun Afirka, ki ga abin da aka gano a kan mutanenmu. Wasu maƙalun a buɗe suke, wasu sai da kuɗi.

Wani ɗan uwa daga Ƙauran Namoda: Malam a gafarce ni, ni dai wanga karatu ina ɗar-ɗar da shi. Na ji abin da Freud, ɗaya daga cikin tsofaffin masanan fannin, ya ce kan yaro da uwarsa, kunyar maimaita shi nake yi. Ɗiya mace ta zauna ita kaɗai da waya tana shan irin wannan?

Malam daga Argungu: Ɗan uwa, ba kai kaɗai ba, su kansu masana fannin da yawa sun daɗe da ajiye mafi yawan maganganun Freud, ana karanta shi ne a matsayin tarihi. Kuma fannin ba da su Freud ya fara ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 miladiyya, ya yi rubutu kan tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, da yadda ake magance su ta hanyar gyara tunani, cikin littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara ɓangaren da ya shafi rai zuwa Turanci, kuma tun 1979 ya rubuta littafi kan tsaka-mai-wuyar da Musulmi masanin saikoloji ke shiga. Ta karanta Freud don jarrabawa, ta karanta Badri don ta san inda za ta tsaya.

Anti daga Talata Mafara: Ni gargaɗi biyu zan ƙara. Duk abin da kika samu ki sauke shi ki adana a memori. Waɗanda suka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara har mutane na tafiya Funtuwa don su yi kira, sun san dalili. Ki saya datar dare ki sauke, ki tura wa ƙawayenki ta Xender.

Na biyu, ChatGPT. Yana da amfani in kika ce ya sauƙaƙa miki sakin layi mai wuya, amma kada ki kuskura ki ce ya ba ki sunayen maƙalu ki kwafa. Yana iya ƙirƙiro marubuci da shekara da mujalla, duk babu su. Kowane suna ki saka shi a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, in bai fito ba ki watsar. Masu bidiyon "alamomi biyar na mai kaza" a TikTok kuwa ba malamanki ba ne. A 2015 masana sun sake gwada bincike 100 da aka wallafa a manyan mujallu, kusan kashi 36 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. In na mujalla ya sha haka, ina ga na mai neman mabiya?

Ɗaliba daga Gusau: Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma. Na sauke OpenStax yanzu. Yaya, lissafin ƙididdiga fa? An ce a aji huɗu dole sai da manhajar SPSS, kuma na ji da tsada.

Yaya daga Birnin Kebbi: Da tsada kam. Akwai manhajojin JASP da jamovi, duka kyauta, suna yin kusan duk gwajin da furojet ɗin digirin farko ke buƙata. Sai dai sun fi son kwamfuta, don haka ki fara adashen laftof tun yanzu ko na hannu ne. Kuma ki tambayi malamin da zai duba aikinki kafin ki fara, wasu ba sa karɓar tebur in ba na SPSS ba ne.