Ceremonially da ceremoniously: ma'anarsu ɗaya ce?

Aminu: Jama'a, ni fa ina nan kan bakana. Kalmomin Turancin nan, ceremonially da ceremoniously, duk ɗaya ne. Uwarsu ɗaya, ceremony, wadda ta samo asali daga caerimonia ta Latin. Duk wadda ka ɗauka, biki dai take nufi.

Malama Rabi: Ƙanena, uwa ɗaya ba ta hana hali ya bambanta. Ceremonially ana faɗinta ne idan abin da aka yi wani sashe ne na biki ko na tsarin da aka gada. Ranar 6 ga Mayu 2023, da aka naɗa Sarki Charles III na Birtaniya a cocin Westminster Abbey da ke Landan, Babban Bishop na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya shafa masa mai, sannan ya ɗora masa kambi. Wannan ceremonially ne, don haka tsarin naɗin ya tanada.

Aminu: To ai cikin natsuwa da girmamawa ya ɗora, Malama. Ba ceremoniously ba ke nan?

Malama Rabi: Ita ma za ta zauna a wurin, amma yanayin mai aikin take nunawa. Ka ɗauki ma'aikacin otal da ya buɗe maka ƙofar mota, ya rusuna, ya miƙo maka makullin ɗaki da hannu biyu a hankali. Babu wani biki a nan, ladabi ne ya cika har ya tumbatsa. Wannan ita ce ceremoniously.

Malam Bashir: Ina bayan Malama, sai dai kada mu danne wa Aminu gaskiyarsa: Turawan ma kan cakuɗa su, har a jaridu. Ni gwajin da nake ba ɗalibai shi ne su liƙa un a gaba. Unceremoniously kullum ana jin ta. Koci ya yi shekaru yana wa ƙungiya aiki, a sallame shi da saƙon waya, sai ka ji an ce unceremoniously aka kore shi. Ba rashin biki ake kuka da shi ba, rashin mutuntawa ne. Unceremonially kuwa da wuya ka ci karo da ita.

Aminu: Wannan kam ta shige ni, Malam. Amma in 'yan jarida na cakuɗawa, don me za a rage wa ɗalibi maki?

Malama Rabi: In jimlar ta karɓi duka biyun, ba zan rage ba. Amma ɗalibin da ya rubuta cewa shugaban ƙasar Jamus yana jagoranci ceremoniously, alhali yana son ya ce muƙamin na girmamawa ne, iko na hannun shugaban gwamnati, ya faɗi abin da bai nufa ba. Dole in sa masa jan biro, in kira shi in nuna masa dalili.