Neman shawara: Hyundai nake so in saya, Yayana ya ce sai dai Toyota

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Waɗanda muka daɗe tare a nan sun san ni mutumin Thierry Neuville ne, direban tseren motoci na Hyundai, tun 2014. Lokacin ina yaron shago wajen wani mai cajin waya a babbar kasuwa, shi ya tura mini bidiyon tseren Jamus. A wajen gwaji, kafin ma a fara, motar Neuville ta kauce hanya ta yi ta ƙundumbala cikin gonar inabi, duk wanda ya gani ya ce ta gama yawo. Makanikai suka kwana a kanta, ya shiga da ita, ya cinye tseren. Nasararsa ta farko ke nan a gasar duniya, kuma ta farko ga Hyundai. Tun ranar zuciyata ta tsaya a kansa. Sau biyar yana zuwa na biyu a gasar duniya, 2013, 2016, 2017, 2018 da 2019, a fada kullum ni ake tsokana. A tseren Safari na Kenya na 2021 shi ne a gaba har ranar ƙarshe, ƙafar motar ta baya ta karye masa, ranar ko tuwo ban iya ci ba. Da ya ɗauki kofin duniya a Japan a 2024, tsakar dare ne a nan, ina zaune bakin ƙofa da waya don a ɗaki babu rezo, wallahi sai da na yi hawaye.

To ga matsalar. Shekara 6 ina kabu-kabu ina tari don in koma taksi. Kuɗina ba su kai ba, Yayana ya ce zai cika. Sai ga wata Hyundai i20 ta hannu a wani gareji kan hanyar Ɗan Isa, shuɗiya, jikinta lafiya. Yaya ya ce in dai da kuɗinsa a ciki, Starlet ko Corolla za a saya, in ba haka ba ya cire hannunsa. Har ya kai maganar gaban Inna. Mai motar ya ba ni zuwa Juma'a. Ya zan yi?

Bagobiri Makanike:
Ƙanena, shekara 22 ina ƙarƙashin mota, saurara da kyau. Motar da Neuville ke tuƙawa da wadda ka gani, suna kawai ya haɗa su. Waccan ƙashinta bututun ƙarfe ne aka walda aka rufa mata jiki, ƙafa huɗu duka suna ja, injinta lita 1.6 mai turbo, kuma bayan ƴan kilomita kaɗan rundunar makanikai ce ke jiranta. Taka ƙafar gaba kawai ke ja, kuma in ta tsaya maka a hanyar Madarunfa ba mai jiranka sai rana. Shiga kasuwar kayan mota ka ce a ba ka fanfon ruwa na Starlet, kafin ka rufe baki yaro ya miƙo uku, sabo da na hannu. Tambayi na i20 ka ga yadda za a fara kiran Katsina da Kano. Mai taksi kwana ɗaya a gareji asara ce, balle mako.

Kuma tunda maganar tsere kake so, mu yi ta. Wace gasa ce ta yi kama da hanyoyinmu? Safari. An daina saka ta bayan 2002, ta dawo 2021. Wa ya ci? Direba Ogier da motar Toyota. 2022 Rovanperä, shi ma direban Toyota, kuma Toyota ta kwashe na ɗaya har na huɗu. 2023 ta sake kwashe huɗun. 2024 Rovanperä kuma. Rairayin nan mai laushi kamar gari da ke haɗiye mota a wajen Naivasha, irinsa ne muke shiga kullum a hanyoyin ƙauye. Yayanka ya fi ka gaskiya. Bi maganarsa.

Ɗan Zariya:
Oga na gode, amma ai ni ban ce motar tsere zan saya ba, na san bambancin. Abin da nake cewa, Hyundai, kamfanin da ya ɗauki kofin duniya na kamfanonin mota a 2019 da 2020, ba zai ƙera motar banza ba. Kuma taksin cikin gari zan yi, daga tasha zuwa asibiti zuwa Ali Ɗan Sofo, ba ƙauye za ni ba. Na tada ta da kaina, ba hayaƙi, kuma ba ta shan mai.

Tsohon Direba:
Yara kuna ta Toyota da Hyundai, ba wanda ya tuna Fijo. Mu da munka yi lodin Maradi zuwa Damagaram da 504, mun san mota. Ita ta ci Safari a 1975, ta kuma ci a 1978. Daga baya Fijo 205 ta ɗauki kofin duniya 1985 da 1986. Lokacin da tseren Paris zuwa Dakar ke biyowa ta Agadas na taɓa kai kaya can, na ga motocin da idona, ƙura ta rufe gari, yara na bin su da gudu. Yanzu an kwashe shi an kai Saudiyya, an bar mu da suna. Ni abin da ke ci mini rai, shekara 30 ina tuƙi, mai motar da na yi wa aiki ya sallame ni ko jika goma bai ba ni ba. Ɗana, ko wace iri za ka saya, ka tabbata takardun da sunanka suke.

Na Tasawa:
Baba, Dakar daban, gasar da muke magana daban, amma Allah ya saka maka. Ni kam ina bayan Ɗan Zariya. Oga Bagobiri kullum Toyota, ya manta a 1995 an kama su da maguɗi a turbon motarsu Celica, aka kwace makinsu, aka hana su shiga shekara guda. Kuma in batun gwani ne, direba Loeb ya ɗauki kofin duniya sau tara a jere da Citroën, daga 2004 zuwa 2012, ya dawo yana da shekara 47 ya ci tseren Monte Carlo a 2022 da Ford. Direba ne mota. Saya abin da ranka ke so, kai za ka wuni a ciki.

Bagobiri Makanike:
Na Tasawa, maguɗin 1995 gaskiya ne, ban musa ba. Amma shi zai sayo masa kayan gyara? Ka ce direba ne mota. To Ogier ya ɗauka sau huɗu da Volkswagen, sau biyu da Ford, da ya koma Citroën a 2019 ya rasa, sai da ya zo Toyota ya sake ɗauka 2020 da 2021. Tänak ya ɗauka da Toyota a 2019, ya tafi Hyundai, bai ƙara ba. Ko a Japan ɗin da yaron nan ke kuka don murna, Tänak ne ya faɗa rami da safiyar ranar ƙarshe, shi ya tabbatar wa Neuville kofi, shi kuma ya sa kofin kamfanoni ya suɓuce wa Hyundai ya koma Toyota. Ni ba na ƙin Neuville, mutum ne mai naci, ina girmama shi. Amma nacinsa ba da kuɗin Yayansa ya yi shi ba. A garejina yanzu haka akwai wata motar waje wata biyar tana jiran ƙaramin ƙarfe ɗaya, kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinta, mai ita ya koma hawan kabu-kabu.

Maman Biyu:
Ni duk wannan kallon tseren ne ba na so. Matasa su gani a waya, ranar ɗaurin aure su fito suna juya mota a tsakiyar unguwa. Watan jiya saura kaɗan su taka mini yaro yana dawowa daga lakwal, har yanzu in ya ji ƙarar mota sai ya ruƙunƙume ni. Su can an rufe hanya, suna da hular kwano, amma duk da haka wani direban tsere, Craig Breen, ya mutu a wajen gwaji a 2023, mijina ne ya nuna mini. Ƙanena, ba ka gaya mana nawa ne naka nawa ne na Yayanka ba. Kuma tunda magana ta je gaban Inna, me ta ce?

Ɗan Zariya:
Hajiya, Allah ya tsare yaro. Ni ban taɓa wasa da abin hawa ba, ko a babur, a tambayi duk wanda na taɓa ɗauka. Maganar Inna kuma ta cikin gida ce. Abin da ban faɗa ba tun farko shi ne na riga na ba mai motar jika 300 na kamu, kuma ya ce in na fasa ba ya mayarwa. Yaya bai sani ba. Ba rawar kai ba ce, wani ne ya zo yana tayawa a gabana, in ban ba da ba ta tafi.

Malamin Lakwal:
To ai wannan ita ce maganar, ba Neuville ba. Yau ɗin nan ka je ka gaya wa Yayanka kafin ya ji a bakin wani. Sannan ka samu dattijo ya raka ka wajen mai motar, ko rabi ne a karɓo.

Na Tasawa:
A'a Malam, kar ya faɗa yanzu. Ya sayar da babur ɗinsa ya cika, in mota ta fara kawo kuɗi Yaya da kansa zai sauko.

Bagobiri Makanike:
Ya sayar da babur, ranar da mota ta kwanta ya ci me? Kuma wanda ya zo yana tayawa a gabanka, ka san shi? Wannan dabara tun ina yaron gareji ake yin ta. Kawo motar gobe da safe in duba ta kyauta, in ɗaga ta in ga ƙasanta. In mai ita ya hana a fito da ita, ka san amsarka.

Ɗan Zariya:
Mutumin ba haka yake ba Oga, a masallaci ɗaya muke salla. Ya ce ba ya bari mota ta fita sai an gama biya, ƙa'idarsa ce ga kowa. Kuma ni na yarda da abin da kunnena ya ji a injin nan. Shekara goma ana ce mini Neuville ba zai taɓa ɗauka ba, ga shi ya ɗauka. Zan yi tunani a kan maganar Yaya.

Maman Biyu:
Har yanzu ba ka ce nawa ne kuɗinsa a ciki ba.

Tsohon Direba:
Ɗana, takardun motar ka gan su da idonka kuwa?