TSH dina yayi sama amma likita yace tayirod baya aiki, ya akayi haka?

Maman Haidar:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu ilimin asibiti a taimaka min. Kusan wata shida kenan ina fama da kasala, ko a zafin Afrilu sai na ja bargo, gashina na cika mataji, ga ƙiba alhali ba wani cin abinci nake ba, sai ƙanwata ce ma ta lura gaban wuyana ya ɗan tasa kuma yana motsi in na haɗiye yawu. Anyi min gwajin jini, TSH ya nuna 14, T4 ƙasa, wani kuma anti-TPO yayi yawa. Abinda ya ɗaure min kai tunda lambar tayi sama ai yawa ne ba ƙaranci ba ko? Layi yayi tsawo ban samu na tambayi likita ba.

Abu Sadiq:
Wa'alaikumussalam hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. A lab nake aiki kuma mutane dayawa nan suke ruɗewa. TSH ba tayirod ke yinsa ba, wata yar ƙaramar halitta ce a ƙasan ƙwaƙwalwa take sakinsa don ta umarci tayirod, wato halittar da ke gaban wuya, ya samar da T4 da T3, sinadaran da ke daidaita saurin aikin jiki. Kamar uwa ce tana ƙwala wa yaro kira, in bai amsa ba sai ta ƙara ɗaga murya. Yawancin lab suna ɗaukar 0.4 zuwa wajen 4.0 a matsayin daidai, to 14 ɗinki ihu ne sosai saboda T4 yayi kaɗan. Da TSH ne ya faɗi ƙasa T4 ya hau, shine mai bugun zuciya da rama da gumi.

Shi anti-TPO alama ce garkuwar jikinki ce da kanta take taɓa tayirod ɗin, ana ce masa ciwon Hashimoto, sunan likitan Japan da ya bayyana shi a 1912, kuma mata yafi kamawa.

Baban Zee:
Ba maƙoƙo bane wannan? ta dinga amfani da gishiri mai aidin mana

Abu Sadiq:
Malam maƙoƙo kumburin ne kawai, sababinsa kala kala ne. Rashin aidin na kawo shi gaskiya, shiyasa aka fara sa shi a gishiri, amma nata ba nan matsalar take ba, aidin in yayi yawa ma yana iya ƙara dagula Hashimoto. Kar ta sayi ƙwayar aidin da kanta.

Ummu Nabila:
Yar uwa kwantar da hankalinki, shekarata huɗu akan tairoksin, ƙwayar maganin da ke maye gurbin T4 ɗin da ya yi kaɗan. Ki sha da ruwa zalla kan ki karya, ki jira kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, ni da farko da shayi mai madara nake haɗiyewa sai TSH yaƙi sauka, ashe madarar ce. Maganin ƙarin jini da kalshiyam ki basu tazarar awa huɗu. Da azumi nakan sa alam in sha kafin sahur. Sai bayan sati shida zuwa takwas ake maimaita gwajin, kar ki gaji ki daina don kinji sauƙi. Kuma in kina shan bayotin na gyaran gashi ki faɗa musu kafin a ɗibi jini, yana rikita sakamako.

Maman Haidar:
Wallahi ina shan bayotin ɗin saboda zubar gashin nan, zan faɗa masa ranar Talata. Nagode Allah ya saka. Aunty Ummu Nabila in mutum na neman haihuwa fa?

Ummu Nabila:
Ki gaya wa likita tun yanzu, da ciki ya shiga yawanci ƙara maganin akeyi, nima haka akayi min a cikin Nabila.