Aksolotil ɗin ɗiyata ya daina cin abinci, yau kwana 9

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Muna zaune a Ingila, kuma ɗiyata tana kiwon aksolotil, dabbar ruwan nan 'yar asalin Meksiko mai kama da ƙadangare, wadda take numfashi da wasu rassa shida masu gashi-gashi a gefen kanta. Shekararsa biyu a hannunmu bai taɓa ƙin tana ba, amma tun da muka koma sabon gida a farkon Yuli ya daina ci. Idan na miƙa masa tanar sai ya kau da kai, rassan nan sun lanƙwaso gaba, bakin wutsiyarsa ma ya ɗan naɗe. Ranar da muka tashi na wanke tankin da soson matatar ruwan tas a bakin famfo, na zuba sabon ruwa. Ma'aunin zafi yana nuna digiri 23. Yarinyar ta ɗaga hankalinta ƙwarai, shi ya sa nake neman shawarar masu sani.

Mai Kiwon Kifi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina ganin amsar tana cikin bayaninki, wato wankin soson nan. A cikin soson matata ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke zaune, su ne suke juya amoniyar da ke fita daga kashin dabbar zuwa naitarait, sannan zuwa naitaret wanda cutarwarsa kaɗan ce. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, kuma kulorin yana kashe su, saboda haka tsabtar da kika yi da kyakkyawar niyya ta mayar da tankin kamar sabo. Kafin ƙwayoyin su sake kafuwa akan ɗauki mako huɗu zuwa takwas, a tsakanin nan kuwa amoniya tana taruwa tana ƙona rassan numfashin da fatar jikinsa.

Ki sayi kayan gwajin ruwa irin na ɗigawa, domin sun fi na tsinken takarda gaskiya. Amoniya da naitarait dole su kasance sifili, naitaret kuma kada ya wuce 20 a ma'aunin kayan gwajin. Idan kika ga ko kaɗan na biyun farko, ki fitar da aksolotil ɗin yau ɗin nan zuwa roba mai tsabta mai murfi da ƙofofin iska, ki zuba ruwa mai sanyi wanda aka sa wa maganin cire kulorin, kuma ki riƙa canza ruwan gaba ɗaya kullum har tankin ya daidaita. Nan gaba, da ruwan da kika ɗebo daga tankin za ki riƙa matse soson.

Tsohon Ɗalibi:
Na yarda da abin da Malam ya faɗa, sai dai ni digiri 23 ɗin ne ya fi tsaya mini a rai. Asalin wannan dabba tafkin Sochimilko ne a birnin Meksiko, wuri mai tudu fiye da mita 2,200, ruwansa mai sanyi. Abin da ya fi dacewa da shi digiri 16 zuwa 18 ne, da ya haura 20 sai ya fara takura, kwanaki a 24 kuwa suna iya halaka shi. Ga shi amoniya ta fi dafi a ruwa mai ɗumi, matsalolin biyu suna ƙara wa juna ƙarfi ke nan. Ki ɗauke tankin daga kusa da taga, ki kunna ƙaramar fanka tana busa saman ruwan, domin hakan yana rage digiri biyu ko uku. Idan bai isa ba, ki riƙa saka gorar ruwa mai ƙanƙara, amma a hankali, saboda hawa da saukar zafi farat ɗaya ma wahala ce a gare shi. Ba shi da fatar ido, don haka ki kashe fitilar tankin, ki ba shi maɓoya. Akwai tsakuwa a ƙasan tankin? Yana zuƙo abinci ne da ruwa, duk abin da bai kai girman kansa ba yana iya haɗiyewa ya toshe masa ciki.

Baƙo Daga Jamus:
Wasu suna sa shi a firji na 'yan kwanaki. Ko Hajiya za ta gwada hakan?

Tsohon Ɗalibi:
Ban ba da wannan shawarar ba sai da umarnin likitan dabbobi. Sanyin firji yana rage aikin cikinsa, wanda ba ya ci kuwa sai ya ƙara ƙin ci. Babban aksolotil mai lafiya yana iya yin mako biyu ba ci ba tare da wata illa ba, don haka kada a ɗura masa. Abin da zai sa a garzaya wurin likita shi ne rama a fili, kumburin ciki, yawo a saman ruwa ya kasa nutsewa, ko farin abu kamar auduga a kan rassan. Kada kuma a zuba masa maganin kifi haka kawai, domin masu sinadarin tagulla guba ne a gare shi.

Uwar Biyu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Babu tsakuwa, yashi mai laushi ne. Na yi gwajin, amoniya ta nuna 1, sai na mayar da shi roba a ɗakin ajiya inda ruwan yake tsayawa a digiri 18. A rana ta huɗu ya cafki rabin tana ya tofar, da na yanka ta ƙanana kuma ya haɗiye biyu. Rassan sun fara komawa baya, wutsiyar ce dai har yanzu da ɗan saura. Ɗiyata ce take canza ruwan kowace safiya kafin ta tafi makaranta, ni kuma ina gwada na tankin duk bayan kwana biyu.