Neman shawara kan sauya rediyon Prado da allo mai taswira

Mai Prado, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da mota ƙirar Toyota Prado ta shekarar 2014, kuma yawancin zirga-zirgata tsakanin Jidda da Makka ne, sai kuma Madina da Ɗa'ifa idan baƙi sun zo Umra daga gida. Rediyon da motar ta zo da shi yana aiki lafiya, amma ba shi da taswira, don haka nakan maƙala wayata a kan dashbod domin bin hanya, ita kuma idan rana ta buge ta sai ta yi zafi ta rage haske har ba a iya ganin komai. Bayan wannan akwai batun kyamarorin Sahir, waɗanda ke kama mai riƙe da waya yana tuƙi, ni kuma ba na son abin da zai sa hannuna ya riƙa kaiwa gare ta.

Na zaga shagunan kayan ƙawata mota, na ga shasha, wato allon rediyon mota, iri-iri masu aiki da Android, kowane mai shago yana cewa tasa ce ta asali, alhali farashin wata ya ninka na wata duk da kamanninsu ɗaya ne. Abin da nake son sani shi ne yadda ake bambance mai kyau da marar kyau, da kuma ko maɓallan sitiyari da kyamarar baya da motar ta zo da su za su ci gaba da aiki bayan an sauya. Haka kuma wani mai shago ya ce mini dole sai an yanke wasu wayoyi a bayan dashbod, abin da hankalina bai kwanta da shi ba. Don Allah waɗanda suka san aikin su taimaka da bayani. Allah Ya saka da alheri.

Mai gyaran wutar mota, Makka

Wa alaikumus salam Alhaji. Zan fara da maganar yanka, domin ita ce ta fi muhimmanci a cikin duk abin da ka tambaya. Ba a yanke waya ko guda ɗaya a wannan motar, kuma duk wanda ya ce maka sai an yanka, ko dai ba shi da soket ɗin da ya dace da ita, ko kuma yana gaggawar ya sallame ka ya karɓi wata motar. Rediyon Toyota na wancan zamani yana karɓar wuta da sifiku ta soket biyu, ɗaya mai ƙafa 10 ɗaya mai ƙafa 6, sannan akwai wani soket na daban da ke ɗauke da wayoyin maɓallan sitiyari. Allon da aka yi wa wannan mota yana zuwa da nasa tarin wayoyin da ke shiga waɗannan soket ɗin kai tsaye. Amfanin haka shi ne, ranar da za ka sayar da motar, ko allon ya lalace, za a mayar da tsohon rediyo wurinsa kamar ba a taɓa komai ba, saboda haka ka adana shi a gida, kada ka bar wa mai shago.

Ka kuma tabbatar firam ɗin, wato robar da ke zagaye allon a jikin dashbod, na shekarar motarka ne. An sauya fasalin dashbod na Prado a tsakanin samfurin 2010 zuwa 2013, da na 2014 zuwa 2017, da na 2018 zuwa gaba, kuma firam ɗin wani ba ya zama daidai a kan wani. Idan ka ga ana ƙoƙarin goge gefen roba da fayil domin ya shiga, to ba na motarka ba ne.

Game da wayoyin wuta, akwai guda uku da ya kamata ka fahimta ko da ba kai za ka yi aikin ba. Ruwan ɗorawa tana ɗauko volt 12 daga batir a kowane lokaci domin allon ya riƙe abin da aka saita, ja ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli, baƙa kuma ita ce ta jikin mota. Wasu masu gyara sukan haɗe ja da ruwan ɗorawa wuri ɗaya idan allon ya ƙi kamawa, sai ya zamana ba ya mutuwa ko an kashe mota, mai ita ya tashi da safe ya tarar batir ya sauka, ya je ya sayi sabo alhali tsohon ba shi da laifi. Akwai kuma shuɗiyar waya da ke bai wa eriya wuta, wadda idan an manta da ita tashoshin FM za su riƙa zuwa da hayaniya a motocin da eriyarsu ke da na'urar ƙara ƙarfi. Kafin a fara komai a cire kan batir na negatif, kuma kada wanda ya kusanci soket masu launin ruwan ɗorawa da ke cikin wayoyin motar kanta, domin na jakar iska ne, ba su da wata alaƙa da wayar rediyo mai irin launinsu.

Kyamarar baya za ta yi aiki, amma da sharaɗi. Kyamarorin da Toyota ke sanyawa daga masana'anta yawanci da volt 6 suke aiki, tsohon rediyon ne kuma yake ba su wannan wutar, shi kuwa sabon allo volt 12 yake fitarwa. Dole a sa ɗan ƙaramin abin rage wuta a tsakani, in ba haka ba kyamarar za ta ƙone, ko nan take ko bayan ɗan lokaci. Ka tambayi mai aikin wannan kafin ya taɓa motar, amsar da zai ba ka ta isa ta nuna maka ko ya san aikinsa. Maɓallan sitiyari ba su da wahala, domin ko dai ƙaramin akwatin CAN bus, mai isar da saƙon mota ga allo, da ke cikin kwalin allon ya fassara su, ko kuma a shiga saitin allon a koya masa maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa ka ga tambarin JBL a jikin sifikun ƙofa, to motarka tana da amfilifaya ta daban, kuma sai an sami wayoyin da aka yi wa wannan tsarin musamman, in ba haka ba allo zai kama amma ba za ka ji sauti ba.

Direban gida, Riyad

Malam ya yi bayani mai gamsarwa game da haɗin wayoyi, ni kuma ina da ja a kan irin allon da ya kamata a saya tun farko. A ganina mutumin da ke yawo a zafin ƙasar nan bai kamata ya dogara da allon Android marar suna ba. Motar da ta yini a rana a watan Yuli, dashbod ɗinta ba ya taɓuwa da hannu, kuma a cikin wannan akwatin ne ake tsammanin ƙaramar kwamfuta ta tashi ta buɗe taswira ba tare da ta tsaya ba. Masu arha, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta wuce gigabait 1 ko 2 ba, sukan yi nauyi da zarar an buɗe taswira da karatu a lokaci guda, wasu kuma har lambar Android ɗin da suke nunawa a saiti ba ta gaskiya ba ce, an rubuta ta ne kawai domin mai saye ya gani.

Shawarata ita ce Alhaji ya duba rediyon kamfanonin da aka sani, irin su Pioneer, Kenwood, Sony da Alpine, masu ɗauke da Apple CarPlay da Android Auto. A wannan tsarin wayarka ce ke yin aikin taswirar, allon nunawa kawai yake yi, saboda haka kana iya ajiye wayar a inuwa kusa da iskar na'urar sanyaya mota, kuma duk lokacin da ka sauya waya taswirarka ta sabunta ke nan. Allonsu yawanci ya fi ƙanƙanta, inci 7 ko kusa da haka, kuma sun fi tsada, amma sautinsu ya fi tsabta, akwai kuma wakili da garanti a cikin ƙasa. Abin lura ɗaya shi ne girmansu na ƙa'ida milimita 180 ne a faɗi da 100 a tsayi, ramin Toyota kuwa ya kai milimita 200, don haka ana buƙatar firam ko 'yan robobin cike gefe. Kada kuma a yi odar wanda aka yi wa kasuwar Japan, domin FM ɗinsu daga 76 yake farawa kuma ba ya kaiwa 108, tashoshi da yawa na nan ba za su shigo ba.

Ɗan Madina

Ban ƙi maganar ɗan'uwana na Riyad ba, sai dai ba duka allunan Android ne suka taru suka zama ɗaya ba. Waɗanda ke ɗauke da injin sarrafa bayanai samfurin UIS7862, da ƙwaƙwalwa ta gigabait 4 zuwa sama, da fanka a bayansu, suna jure aiki sosai, kuma suna da ramin layin waya, ta yadda za ka sa layin STC ko Mobily ko Zain allon ya samu intanet da kansa ko wayarka ba ta cikin motar. Wannan yana da amfani ga motar da mutum fiye da ɗaya ke tuƙawa. Kafin a biya kuɗi a sa mai shago ya kunna allon, a saukar da manhajar da ke nuna kayan cikin na'ura, a buɗe taswira da sauti tare, a ga yadda yake amsawa.

Abin da na ga ba a taɓo ba shi ne eriyar taswirar, wato ta GPS, wadda masu aiki da yawa sukan cusa a bayan allo a tsakanin ƙarafa su rufe. Taurarin GPS suna nesa da ƙasa da kimanin kilomita 20,200, saƙonsu yana isowa da rauni ƙwarai, kuma na'ura tana buƙatar aƙalla guda 4 kafin ta san inda take. Roba da gilashi ba sa tare saƙon, amma ƙarfe yana tarewa, haka ma wasu nau'o'in takardar rage zafi da ake liƙa wa gilashi masu ƙarfe a cikinsu, waɗanda mutane ke yawan sanyawa a nan. Wurin da ya dace shi ne saman dashbod kusa da gilashin gaba, ko kuma ƙarƙashin robar dashbod ɗin inda babu ƙarfe a samanta, fuskarta tana kallon sama.

Tun da Alhaji yana yawan shiga Makka, ya san da cewa a cikin hanyoyin da aka fasa ta ƙarƙashin duwatsu babu saƙon tauraro ko kaɗan, kuma taswira za ta daskare ko ta yi ta zato har sai an fito. Wannan ba lalacewar allo ba ce. Wasu rediyoyi masu taswira a cikinsu suna da wayar da ke karanta gudun mota domin su ci gaba da lissafi a irin wannan wuri, amma galibin allunan Android ba su da ita, saboda haka a duba mafitar da za a bi tun kafin a shiga. Ina kuma ba da shawarar a saukar da taswirar yankin Makka da Madina a cikin allon tun daga gida, domin sanin wuri ba ya buƙatar intanet, hoton hanyar da labarin cunkoso ne suke buƙata, kuma a titin Hijira da ke tsakanin Makka da Madina ko hawan Hada na hanyar Ɗa'ifa bai kamata mutum ya dogara da ƙarfin layi kaɗai ba.

Mai Prado, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Na duba ƙofofin motar, babu tambarin JBL, saboda haka wannan matsalar ta kau. Hankalina ya fi karkata ga Android mai fanka, domin ƙanena ma yana tuƙa motar kuma wayarsa tsohuwa ce. Saura tambaya ɗaya ga Malam na Makka: mai shagon ya ce zai saita allon ya riƙa nuna bidiyo ko mota tana tafiya, domin yara. Shin akwai illa ga wutar motar idan an yi haka?

Mai gyaran wutar mota, Makka

Ga wutar motar babu illa, Alhaji, domin abin da zai yi bai wuce ya haɗa wayar allon da ke gane an ja birkin hannu da jikin mota ba, ko ya kashe kariyar da ke hana bidiyo a cikin saiti, allon ya ɗauka kullum a tsaye kake. Amma ni ba na yi wa kowa wannan aikin, kuma ba na ba ka shawarar ka yarda, saboda allon yana gaban direba ne, kuma idon mutum yana bin abin da ke motsi ko bai yi niyya ba. Idan don yara ne, a sa musu nasu allon a bayan kujera.

Ranar aikin ka tsaya a wurin har a gama. Kafin a mayar da firam ɗin, a gwada giyar ribas a ga kyamara ta fito da kanta, a danna kowane maɓalli na sitiyari, a saurari sifiku huɗun ɗaya bayan ɗaya, a kunna fitilu a ga hasken allon ya ragu, sannan a kashe mota a zare makulli a tabbatar allon ya mutu. Idan akwai inda aka ƙara waya, kamar wurin abin rage wutar kyamara, a haɗa da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, domin tef ɗin wuta yana sakin jiki a zafin nan. Ka kuma sa a rubuta maka samfurin allon da girman ƙwaƙwalwarsa da tsawon garantin a jikin fatura, wato rasit, kafin ka bar shagon.