Fijo 504 tana mutuwa a tsakiyar korama, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman makanikai da direbobin daji. Ina Damagaram, ina da tsohuwar Peugeot 504 mai fetur da kabireto. Da ita nake kai kaya kasuwannin ƙauye wajen Mirriya da Magariya. Kan kwalta lafiya lau take. Amma da damina ta kankama a watan Agusta, in na sauka hanyar ƙasa na shiga ruwan da bai ma kai rabin taya ba, sai inji ya yi tari ya mutu.

Makanikena ya ce fankar inji ce ke watsa ruwa kan delko, wato abin da ke raba wuta zuwa buji (fulogi). Mun canza murfinsa da wayoyin buji, mun naɗe shi da roba, duk da haka ba ta daina ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne man difaranshal na baya, wato akwatin giyar da ke tsakanin tayoyin baya: da muka zubar, ya koma fari-fari kamar kunu, alamar ruwa ya shiga ta ramin numfashinsa.

Wani ya ce in ja bututun da inji ke shaƙar iska zuwa sama gefen gilashi kamar na Land Cruiser. Ni dai ina ganin ba nan matsalar take ba, tunda matatar iska a bushe muke samunta.

To ina zan sa ɗan kuɗina tukuna, delko ko ƙara wa motar tsayi daga ƙasa? Kuma in an ja tiyo daga ramin numfashin difaranshal zuwa sama, yana hana ruwa da gaske? Wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa mini yadda ya ɗaure shi.